Tausa

tausa (suna, mace, aikatau: tausa, tausasa)

1. Matsa jiki da murza shi da hannu don a sassauta jijiyoyin da suka ɗaure, a rage ciwo da gajiya, galibi da man kaɗanya ko man zafi. *Ɗana, zo ka yi mini tausa, bayana ya riƙe.*

2. A asibiti: aikin hannu na likitan gashin ƙashi, kamar murza tsoka da motsa gaɓoɓin ƙashin baya. Tausa kan kawo sauƙin ciwon baya da wuri, amma sauƙin ba ya daɗewa idan an tsaya a kanta kaɗai. Motsa jiki, wato tafiya da miƙe jiki da ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, shi ke rage dawowar ciwon. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya duka biyun cikin hanyoyin kula da ciwon baya mai daɗewa.

*Hattara:* idan ciwon ya zo da sanyin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a tafi asibiti nan take.

*Duba:* ɗori, gashi, taushi.