Amsar Takardarku: Asalin Sukari da Abin da ke Cikinsa

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Maƙarfi, ya rubuto cewa gardama ta kaure a kasuwarsu. Wai wasu sun ce farin sukari haɗin Bature ne, babu ruwansa da rake. Yana so mu faɗa masa gaskiyar magana, da kuma ma'anar sunan.

To malam, sai ka gyara zama. Sunan ma dai ba na Bature ba ne. Mutanen Indiya ne suka fara gano dabarar dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwaya-ƙwaya, yau fiye da shekara 1,500 ke nan. A tsohon harshensu na Sanskirit suna ce masa sharkara, wato tsakuwa. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, mu kuma muka karɓa muka ce sukari. Larabawan ne suka yaɗa nomansa a Masar da Maroko da Andalus, tun Turawa na sayensa ɗan kaɗan kamar magani.

A 1493 Kolambus ya ƙetara teku da irin rake zuwa tsibiran Karibiyan. Daga nan labarin ya yi muni. Gonakin rake na can da na Barazil sun ci miliyoyin bayi da aka kwasa daga Afirka, domin kawai shayin Turai ya yi zaƙi. Sai a 1747 wani masani Bajamushe, Andreas Marggraf, ya gano akwai irin wannan sukari a cikin saiwar wani tsiro na ƙasashen sanyi da ake kira bit. A Nijeriya kuwa, masana'antar Bacita ta fara fitar da sukari a 1964.

Masana suna kiransa sukuros. Abu uku ne a cikinsa: kabon 12, haidurojin 22, oksijin 11. Kabon ɗin nan shi ne gawayi. Ɗora sukari a wuta ka bar shi, za ka ga ya koma baƙi ƙirin. Ganyen rake ne ke haɗa su daga ruwa da iska da hasken rana, ya tara a cikin kara. Aikin masana'anta shi ne ta matse, ta tace, ta dafa, sannan inji ya juya shi da ƙarfi har baƙin ruwan nan mai danƙo ya rabu da ƙwayar. Mazarƙwailar garinku ita ce wadda ba a raba ta da wannan ruwa ba. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, saboda haka masu cewa mai ciwon sukari ya sha mazarƙwaila babu komai, su daina.

Manoma kuma ga naku. Sukuros tagwaye ne manne da juna, gulukos da furuktos. Da zarar an sare rake aka yasar a rana, sai tagwayen su fara rabuwa, in kuwa sun rabu ba sa son daskarewa. Shi ya sa raken da ya kwana uku ko huɗu a ƙasa yake ba da mazarƙwaila mai laushi, mai naso, wadda ɗan kasuwa zai taya da arha. A sare yau, a matse yau ko gobe da sassafe.