Jan Layi da Kankarewa: Tarihin Goge Maganar Wani

A shekarar 1812 Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda har yau yana cikin manyan madogaran tarihin jihadin Sakkwato. A cikinsa akwai abin da mai shafin Facebook na yau zai ji nauyin yi. Shehu Laminu na Barno, wato Muhammadu al-Amin al-Kanemi, ya rubuto wasiƙu yana sukar yaƙin da ake kai wa Barno bayan faɗuwar birnin Gazargamu a 1808. Hujjarsa ita ce mutanen Barno musulmi ne masu salla da azumi, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga addini, domin irin laifuffukan da ake zarginsu da su ana samunsu a wasu ƙasashen musulmi da ba wanda ya ɗaura wa yaƙi. Sukar ta taɓa gindin halaccin abin da Bello da mahaifinsa suka tsayu a kai.

Bello ne mai alƙalami, littafin kuma nasa ne. Da ya so, da ya taƙaita maganar Laminu cikin layi biyu, ya ce wani malami ya yi jayayya an kuma ba shi amsa. Sai ya kwafo maganar abokin hamayyarsa cikin littafin, sannan ya bi ta da raddi. Yau, bayan shekara sama da 200, ɗalibi a Sakkwato ko Maiduguri na iya karanta ɓangarorin biyu, ya yanke wa kansa hukuncin wa ya fi hujja. Akwai masu karantawa su ga Laminu ne ya fi gaskiya, kuma Bello da kansa ya buɗe musu wannan ƙofar.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da ke ta da ƙura a wayoyinmu: shin wanda ya wallafa rubutu ko bidiyo yana da haƙƙin goge tsokacin da mutane suka yi a ƙarƙashinsa? Ana ɗaukarta kamar sabuwar tambaya da intanet ta kawo, alhali magabata sun daɗe da fuskantarta a kan takarda, har sun kafa mata ƙa'ida.

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar wani tsohon malami ya san yadda littattafan hannu suke. Matani na tsakiya da manyan baƙaƙe, an bar fili a gefe da tsakanin layuka, kuma filin cike yake da ƙananan rubuce-rubuce: fassarar kalma da ajamin Hausa ko Fulatanci, ƙarin bayani daga wani littafi, wani lokaci ma gyara ga mai kwafin. Gefen takarda shi ne wurin tsokaci na wancan zamanin. Malaman hadisi sun yi dogon bayani kan yadda ake cire abin da ya shigo littafi bisa kuskure. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, wanda ya rasu a 1149, ya tattauna batun, haka ma Ibnus Salah da ya rasu a 1245. Hanyar da suka fifita ita ce a ja siririn layi a kan kalmar ta yadda za a gane an soke ta amma a iya karanta ta. Sun ƙi son a kankare da wuƙa, domin kankarewa na jawo zargi, kuma wataƙila abin da aka ɗauka kuskure ne ya zamo shi ne daidai a wata ruwayar. Ka ga ke nan sun yarda a cire magana. Abin da suka ƙi shi ne a cire ta ba tare da barin sawu ba.

Ƙasarmu ta Kazaure ta san ɗaya fuskar al'amarin, wato yadda labari ke kasancewa idan takarda na hannun ɓangare guda. Bayan rasuwar Sarkin Kano Sulaimanu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗantunku, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren masu jihadi, ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shafe shekaru ana gwabzawa a arewacin Kano. Da Baturen nan Kilafatan ya iso Kano a farkon 1824, ya tarar da sarki na fama da wannan yaƙi, ya kuma rubuta Ɗantunku a matsayin ɗan tawaye, kamar yadda ya ji a bakin Kanawa. Littafin ya fito a Landan a 1826, masu karatu a Turai suka san mutumin da wannan suna. A ƙarshe Sarkin Musulmi Bello ya amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi na kiran Ɗantunku wanda ya kafa masarautarsu. Kilafatan bai ƙirƙiri ƙarya ba, abin da ya ji ya rubuta. Sai dai a shafin da ya rubuta babu filin da ɗan Kazaure zai sa baki.

Zuwan ɗab'i ya buɗe filin, ya kuma kafa masa mai tsaron ƙofa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editan Hausa. Wasiƙun masu karatu na cikin abubuwan da suka sa jaridar ta shiga ran mutane. Malamin makaranta ko ma'aikacin En'e zai rubuto kukansa ko ra'ayinsa, ya ga sunansa da na garinsu a buge. Amma shafi na da iyaka, wasiƙu kuma sun fi shi yawa, dole edita ya zaɓa. Jaridar kuwa ta hukuma ce. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, 'yan jam'iyyar na ganin Gaskiya ta karkata ga sarakuna da NPC, don haka suka jingina da jaridu irin su Comet da ake bugawa a Kano, da waƙoƙin siyasa, da laccar dandali. Da yawansu sun sha ɗauri a kotunan alƙalai kan maganar baki kawai. Wasiƙar da ba a buga ba takan koma waƙa, kuma waƙa ta fi takarda saurin yawo.

Rediyo ya gaji wannan tsari. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ya daɗe yana zaɓen takardun da zai amsa daga cikin tulin da ke isa Landan. Da wayar salula ta bazu bayan 2001, gidajen rediyo masu zaman kansu kamar Freedom ta Kano suka buɗe layi kai tsaye. A nan ne masu sauraro suka fara jin gogewa da kunnensu: mai kira ya ɗauko zagi ko ya kama sunan wani babba, sai layi ya katse. Kowa ya san abin da ya faru, domin an ji farkon maganar an kuma ji yankewarta.

A duk waɗannan matakai, mai tsaron ƙofa na da uzurin ƙarancin fili, ko na takarda ko na lokaci. Intanet ta kashe wannan uzurin. Tsokaci dubu goma ba ya cika shafi. Saboda haka wanda ya goge a yau ya goge ne don bai so maganar ta zauna, kuma dole a tambaye shi dalili.

Dalilai masu kyau suna nan. A 1995 wata kotu a New York ta ɗauki kamfanin Prodigy a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a dandalinsa, saboda kamfanin na tace rubuce-rubuce. Ma'anar hukuncin ita ce wanda ya yi ƙoƙarin share datti shi zai ɗauki laifin dattin da ya rage. Majalisar Amurka ta gyara wannan a 1996 da dokar da aka fi sani da Sashe na 230, wadda ta ba dandali damar tacewa ba tare da an ɗora masa alhakin maganar wasu ba. A Ostireliya lamarin ya juya: a watan Satumban 2021 babbar kotun ƙasar ta ce kafafen labarai su ne mawallafan tsokacin da mutane ke yi a shafukansu na Facebook. Wanda doka za ta kama kan maganar wani, ba a hana shi tsintsiya. Ko ba doka, marubuciyar da ke wallafa littafinta babi-babi, ta wayi gari wani ya lika lambar wayarta da ƙazafi a ƙarƙashin rubutun, ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta share. Haka tallar 'yan damfara, da zagin iyaye, da maganar da za ta iya tayar da rikicin addini ko ƙabila. Maigida na da ikon fitar da mai ashar daga zaurensa.

Matsalar ita ce maɓallin da ke share ashar shi ne ke share gaskiya mai ɗaci. Ɗauki mai sayar da atamfa ko maganin gargajiya ta waya. Wata mata a Karkarna ko Achilafiya ta tura kuɗi, kaya bai zo ba, ta rubuta haka a ƙarƙashin tallar. Mai shafi ya goge, ya toshe ta, ya bar yabo zalla. Mai saye na gaba a Babura zai duba ya ga kowa na sam-barka, shi ma ya tura nasa kuɗin. Ba a yi masa ƙarya da baki ba, an kankare masa shaida ne. Haka abin yake ga mai wa'azin da ya kawo hadisi ba daidai ba, wani ɗalibi ya gyara masa da ladabi, gyaran ya ɓace, kuskuren ya ci gaba da yawo.

Masu rubuta manhaja sun san cewa gogewa zaɓi ne na wanda ya tsara ta. A manhajoji da yawa, idan an danna goge, rubutun ba ya fita daga rumbun bayanai nan take, alama kawai ake sa masa cewa kada a nuna. Abin da mai karatu zai gani a gurbinsa, layukan umarni kaɗan ne ke yanke shi. A WhatsApp, saƙon da aka goge wa kowa na barin sawu a wurinsa. Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta kawo ɓoye amsa a 2019: mai rubutu na iya kawar da martani daga gaban jama'a, amma mai son gani na iya dannawa ya karanta. Wikipedia, har da ta Hausa, na ajiye tarihin gyare-gyaren kowane shafi. Waɗannan jan layi ne irin na malaman hadisi. A shafin Facebook kuwa, tsokacin da aka goge na ɓacewa kamar ba a taɓa yin sa ba, wanda aka ɓoye kuma mai shi da abokansa na ci gaba da ganinsa, bai san sauran jama'a ba sa gani ba. YouTube ma ta daina nuna adadin waɗanda ba su so bidiyo ba tun Nuwamban 2021, alhali wannan adadin na cikin abin da ke saurin faɗakar da mutum cewa bidiyon koyarwa na bogi ne.

Sai kuma masu mulki, waɗanda shafinsu ya fi kama da fada ko dandali fiye da zauren gida. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce Shugaba Trump ba shi da ikon toshe masu sukarsa a shafin da yake sanar da ayyukan gwamnati. A nan gida mun ga yadda gogewa ke yi wa mai iko zafi idan ta faɗo kansa. Ranar 2 ga Yuni, 2021, Twitter ta goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Cikin kwana uku gwamnati ta dakatar da dandalin a faɗin Najeriya, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairu, 2022, daga baya kuma kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. A ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan saƙon da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa, aka gurfanar da shi, kafin a janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Idan saƙo ɗaya da aka goge wa shugaba ya isa a rufe dandali wata bakwai, to ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya kamata ya san abin da talaka ke ji idan ya rubuta cewa famfon garinsu ya lalace, ya dawo ya tarar an share.

Ra'ayina shi ne a bar wa mai shafi ikon cirewa, amma a ɗaure shi da sharuɗɗan da magabata suka riga mu sani. Ya bayyana tun farko irin maganar da ba ya bari. In ya cire, gurbin ya nuna an cire, a kuma faɗi dalili. Abin da ya shafi tonon asiri, ƙazafi ko tunzura rikici a ɗauke shi ɗungurum, sauran kuwa a ja masa layi mai karantuwa. Mai sayar da kaya kada ya zama alƙalin shaidar da ake bayarwa a kansa. Mai riƙe da kujerar jama'a kuma ya amsa, ko ya yi shiru, amma kada ya goge ƙorafi.

Kamfanonin da ke Amurka da Sin ba za su sauya manhajarsu don an yi rubutu a 'Yankwashi ba. Amma matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Kazaure da Dutse da Kano za su gina dandalin labarai da kasuwannin waya na Hausa, kuma a hannunsu wannan zaɓin zai faɗa. Mai karatu ma na da nasa rabon tun yanzu. Idan ka ga shafi mai mabiya dubbai, babu ko mutum ɗaya da ya ce a'a a ƙarƙashin kowane rubutu, ka dakata kafin ka tura kuɗi ko ka yaɗa maganar, domin taron mutane bai taɓa zama baki ɗaya haka kawai ba.