TARIHIN GARIN BENDE: YADDA JIRGIN ƘASA YA ƊAUKE WA GARI KASUWARSA

A ci gaba da kawo muku tarihin garuruwan da muke zaune a cikinsu, yau mun leƙa Bende.

Da yawa daga cikinmu, musamman direbobi da masu sayen manja, suna ratsa Bende a hanyar Umuahia zuwa Ohafia da Arochukwu ba tare da sun tsaya ba. Wanda ya tsaya zai ga ƙaramin gari a kan tuddai, da jar ƙasa, da itatuwan kwakwar manja, da gonakin rogo da doya. Babban abin da ke tara jama'a shi ne sakatariyar ƙaramar hukuma. Amma shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, Umuahia ba ta kama ƙafar Bende ba.

A ƙarni na 19, Bende na ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Ibo. 'Yan kasuwar Aro, mutanen Arochukwu, su ne ke juya ta. Babbar kasuwar tana ci ne bayan kowane kwana 24, ana kawo gishiri, tufafi, bindigogi, da kuma bayi waɗanda ake gangarawa da su bakin teku. Wannan suna da ta yi shi ya jawo hankalin Turawa. A 1896 wani hafsan Ingila, Manjo Leonard, ya isa garin. A ƙarshen 1901 Turawa suka ƙaddamar da yaƙin Aro, suka ci Arochukwu a watan Disamba, suka rusa wurin tsafin Ibini Ukpabi. Cikin sojojin da suka yi wannan yaƙi akwai Hausawa. Bayan ƙura ta lafa, aka ajiye Di'o a Bende, sunan garin ya zama sunan gunduma guda, har Umuahia tana ƙarƙashinta.

To me ya faru? A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu. Don fitar da shi zuwa teku aka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916. Layin bai bi ta Bende ba, ya bi ta Umuahia da Uzuakoli. Kamfanonin Turawa masu sayen manja da ƙwarar kwakwa suka kafa kantunansu a bakin tasha. 'Yan kasuwa suka bi su, daga baya ofisoshin mulki ma suka koma Umuahia. Da aka haɗe layin da na Arewa, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, shanu suka riƙa sauka Umuahia a taragu. Nan iyayenmu fatake da mahauta suka kafa zango. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Abiya, Umuahia ta zama babban birni, Bende kuwa hedikwatar ƙaramar hukuma.

Ba yaƙi ne ya rage Bende ba, hanya ce ta kauce mata. Mu ma mun ga irin haka da idonmu: jirgi ya ja baya, tireloli suka karɓi dakon shanu, kasuwar shanu ta koma Lokpanta a bakin babban titin Inugu zuwa Fatakwal.

Don haka ƙungiya ke kira ga shugabannin zango da na kasuwanni da su adana takardun filaye da na rumfuna, su kuma riƙa halartar zama duk lokacin da hukuma ta kira kan sabon titi ko sauya wa kasuwa mazauni. Duk dattijon da ya san zamanin saukar shanu a tashar Umuahia, a sanar da sakatare domin mu je mu rubuta daga bakinsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.