Faifan da ke ɗora wa kwamfuta manhaja da kansa: inda matsala take ɓuya da yadda ake gano ta

A ma'aikatu da makarantu da cibiyoyin jarrabawa masu kwamfutoci da yawa, ba a zama ana ɗora wa kowacce babbar manhaja da hannu. Ana shirya faifai ko filasha mai ɗauke da fayil ɗin amsoshi, wanda ke amsa duk tambayoyin da manhajar kan yi yayin girkawa: harshe, yankin lokaci, sunan mai amfani da kuma yadda za a rarraba rumbun ajiya. Buƙatar irin wannan faifai ta ƙaru tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Sauƙinsa shi ne haɗarinsa, domin faifan ba ya neman izinin kowa kafin ya aiwatar da abin da aka rubuta masa.

Sunan fayil da mazauninsa

A zamanin Windows XP, sunan fayil ɗin winnt.sif, kuma a cikin foldar i386 ake ajiye shi. Daga Windows Vista zuwa yau ya koma autounattend.xml, ana kuma ajiye shi a farkon faifan, ba cikin wata folda ba. A ɓangaren Linux, Red Hat da Fedora suna amfani da Kickstart, Debian kuma Preseed. Idan kwamfuta ta tashi daga faifan amma ta ci gaba da yin tambayoyi, galibi ba ta ga fayil ɗin ba ne. A duba sunansa, domin Notepad kan liƙa masa .txt a ƙarshe ba tare da mai rubutu ya lura ba.

Idan faifan ya ƙi tashi

Abu na farko shi ne tabbatar da cewa fayil ɗin ISO bai lalace ba wajen saukewa. Umarnin Get-FileHash yana fitar da lambar SHA-256, sai a gwada ta da wadda kamfanin ya wallafa. Na biyu shi ne tsarin tashin kwamfutar: filashar da aka shirya don tsohon tsarin BIOS tana iya ƙin tashi a kan UEFI. Na uku shi ne girman fayil. Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura gigabait 4, alhali install.wim na sababbin Windows kan wuce hakan. Ana raba shi gida-gida da manhajar DISM.

Idan aikin ya tsaya a tsakiya

Windows yana karanta fayil ɗin amsoshi a matakai 7, fitattu a cikinsu su ne windowsPE da specialize da oobeSystem. Umarnin da aka ajiye a matakin da ba nasa ba, ko dai a tsallake shi, ko ya tsayar da aikin. Haka nan idan fayil ɗin ya ambaci x86 alhali faifan na amd64 ne, ba za a yi aiki da umarnin ba.

Wani lokacin manhajar ba ta ganin rumbun ajiya sam. A kwamfutoci da dama masu Intel na baya-bayan nan, rashin direban RST ne sanadi, wato 'yar manhajar da ke gabatar da rumbun ga Windows. Shi kuwa Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar gigabait 4, da wurin ajiya na gigabait 64.

Kafin a sake gwaji, a karanta bayanan da manhajar ta rubuta. Danna Shift da F10 yana buɗe tagar umarni, kuma a foldar Panther za a samu setupact.log da setuperr.log, inda aka nuna matakin da aikin ya tsaya. A Kickstart, bayanan suna cikin /tmp/anaconda.log, sannan ksvalidator yana tantance fayil ɗin tun kafin a yi amfani da shi.

Asarar da ba ta da sanarwa

Mafi munin matsala ita ce wadda ba ta nuna saƙon kuskure. Fayiloli da yawa suna umartar a goge rumbu mai lamba 0, amma a kwamfutar da ke da rumbu biyu, ba lallai ba ne lambar ta faɗa kan wanda ake nufi. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayanan shekaru na iya salwanta. Haka ma idan aka manta filashar a jikin kwamfuta, tana iya sake tashi daga gare ta, ta goge abin da ta ɗora.

Akwai kuma batun kalmar sirri. Wadda aka sa a fayil ɗin sauya mata kama kawai ake yi da Base64, duk wanda ya tsinci filashar zai iya warware ta.

Saboda haka, a fara gwada kowane sabon faifai a kwamfutar gwaji ta cikin manhaja irin VirtualBox. A kwafi muhimman bayanai, a cire duk rumbun da ba a nufa ba, a riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji, kuma a canja kalmar sirri da zarar an kammala.