Rinin Baba a Karofin Kano: Mahaɗar Ilimin Sinadarai da Adon Tufafi

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki rinin baba a Kano domin nuna cewa katangar da ke tsakanin kimiyya da fannonin zane da adabi manhaja ce ta gina ta, kuma karofi wuri ne da za a iya koyar da su a zama ɗaya.

Gabatarwa

A 1959 C. P. Snow ya gabatar da lacca a Jami'ar Kambirij, inda ya koka cewa masana kimiyya da marubuta sun daina jin yaren juna. A Nijeriya wannan rabuwa tana somawa tun aji ɗaya na babbar sakandare, ranar da ake ware 'yan kimiyya da 'yan zane da adabi, sau da yawa bisa makin lissafi.

Aikin karofi

Ganyen baba ba shuɗi ba ne. Yana ɗauke da sinadarin indikan marar launi, wanda sai an daka ganyen ya ruɓa, iska ta taɓa shi, sannan ya koma shuni. Matsalar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare. Marini yakan haɗa baba da toka da katsi a rami mai zurfi, ya bar su kwanaki yana motsawa. Toka ce ke ba ruwan kaifi, ƙwayoyin bakteriya kuma su cinye iskar oksijin da ke ciki, su mayar da shunin wata siffa mai narkewa. Shi ya sa ƙyalle ke fitowa daga ramin da launin tsanwa, ya rikiɗe shuɗi a hannun marini cikin 'yan mintuna. Tsomawa da ɗagawa da ake ta maimaitawa a karofin Ƙofar Mata da ke Kano sarrafa wannan sauyi ne, kuma yawansu ke raba shuɗi mai haske da baƙi wuluk.

Marini ba ya auna kaifin ruwa da na'ura. Kumfa yake dubawa, ya shinshina wari, ya ce ruwa ya nuna ko ya mutu. Idon da ke yanke wannan hukunci shi ne dai ke zaɓar inda za a ɗaure ƙyalle don zanen ya fito. Nan ne, a ganin mai nazari, hujjar take.

Sai dai kada a zuzuta. Marini ya san yadda ake yi, ɗakin gwaji ne ya bayyana dalili. Adolf von Baeyer ya gano tsarin sinadarin shuni a 1883, kamfanin BASF na Jamus ya fito da na masana'anta kasuwa a 1897, sana'ar rinin da matafiyi Heinrich Barth ya tarar tana bunƙasa a Kano a 1851 kuwa daga baya ta sha matsi daga rinin kanti mai araha.

Shawara

Darasin sauyin sinadarai ta hanyar oksijin ana iya yin sa da bokiti, baba, toka da farin yadi, malamin kemistiri da na zane suna tsaye tare: ɗalibi ya rubuta abin da ya faru a ruwan, a kuma ba shi maki kan kyan ɗaurinsa. Cikas ɗin yana ga jarrabawa. Muddin WAEC da NECO suna auna aikin hannu na kemistiri da gwajin kwalabe kaɗai, da wuya shugaban makaranta ya ba da awa biyu don bokitin baba.