Wallafa littafin lantarki da kai

Wallafa littafin lantarki da kai hanya ce da marubuci ke fitar da littafinsa a matsayin fayil da ake karantawa a waya, kwamfuta ko na'urar karatu irin Kindle, ba tare da ya bi ta hannun kamfanin ɗab'i ba. A wannan tsari marubuci ne ke ɗaukar nauyin tace rubutu, zanen bango, tsara shafuka, yanke farashi da talla, haƙƙin mallaka kuma yana zama a hannunsa. Shagon intanet da aka ɗora littafin a kai yana cire kasonsa daga kowane kwafi da aka saya, ya ba marubuci ragowar. Da yake babu kuɗin takarda, tawada ko ajiya, fitar da littafi ya yi sauƙi ƙwarai. Wahalar ta koma wajen sa mai karatu ya san da littafin, ya kuma yarda ya biya.

Tarihi

Ana danganta farkon littattafan lantarki da shirin Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a Amurka a shekarar 1971 domin raba tsofaffin littattafai kyauta. Kasuwar sababbin marubuta ba ta kankama ba sai a watan Nuwamba na 2007, lokacin da kamfanin Amazon ya fito da na'urar Kindle tare da shafin da kowa zai iya ɗora littafinsa. A 2011 aka sauya wa shafin suna zuwa Kindle Direct Publishing, ko KDP a taƙaice. Mark Coker ya kafa Smashwords a 2008, wanda a lokacin yake karɓar fayil ɗaya ya rarraba shi ga shaguna da yawa. Kobo Writing Life da Draft2Digital sun biyo baya a 2012, sannan Draft2Digital ya haɗe da Smashwords a 2022.

Wasu marubuta sun yi fice ta wannan hanya. A 2011 John Locke ya zama marubuci mai wallafa wa kansa na farko da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Kindle. Amanda Hocking ma ta sayar da fiye da miliyan ɗaya kafin ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin St. Martin's Press. Andy Weir ya fara sakin labarinsa The Martian babi-babi a shafinsa, daga baya ya sa shi a Kindle kan senti 99. Kamfanin Crown ya buga shi a 2014, aka mayar da shi fim a 2015. Irin waɗannan nasarori ba su da yawa idan aka kwatanta da ɗimbin littattafan da ake ɗorawa kullum.

Nau'ukan fayil

EPUB shi ne nau'in da yawancin shaguna ke karɓa. An fito da shi a 2007, kuma ƙungiyar W3C ce ke kula da shi tun 2017. Rubutu a cikinsa yana daidaita kansa da girman allo, mai karatu kuma yana iya ƙara ko rage girman haruffa, don haka ya dace da ƙagaggun labarai. PDF, wanda kamfanin Adobe ya ƙirƙira a 1993, yana riƙe shafi yadda aka tsara shi. Wannan ya sa ya fi dacewa da littattafan makaranta masu jadawali da zane, amma yana wahalar karatu a ƙaramar waya. Amazon ya daɗe yana amfani da MOBI da nau'ukan da suka samo asali daga gare shi, sai dai yanzu marubuta suna ɗora EPUB ko fayil ɗin Word, shagon ya juya shi zuwa tsarinsa.

Ga mai rubutu da Hausa akwai batun haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Duk suna cikin tsarin Unicode, amma idan salon haruffan da ke kan na'urar mai karatu ba shi da su, sai su fito a matsayin akwati ko alamar tambaya. Ana magance wannan ta hanyar saka salon haruffan a cikin fayil ɗin, tare da gwada shi a na'urori daban-daban kafin a sake shi. Barin lanƙwasar na iya sauya ma'ana, kamar tsakanin kafa da ƙafa.

Farashi

Farashi yana tafiya ne da dokokin shago. A tsarin da Amazon ya fito da shi a 2010, marubuci yana samun kashi 70 cikin 100 idan farashin littafi ya kama daga dala 2.99 zuwa 9.99, ana kuma cire ɗan kuɗin isarwa gwargwadon nauyin fayil. Ƙasa ko sama da haka, kasonsa kashi 35 ne. Kashi 70 ɗin kuma ya shafi cinikin da aka yi a wasu ƙasashe ne kawai. Ke nan littafin senti 99 yana kawo wa marubuci kusan senti 35, na dala 2.99 kuma kusan dala 2. Sai an sayar da kwafi shida na farkon kafin a kamo kwafi ɗaya na biyun. Apple Books yana ba da kashi 70 a kowane farashi.

Saboda haka marubuta kan auna abu biyu: yawan masu karatu da ribar kowane kwafi. Masu jerin littattafai sukan karya farashin na farko ko su bayar da shi kyauta, da fatan wanda labarin ya kama shi zai sayi sauran. Masu littafi ɗaya tak ba su da wannan dama, don haka arha kan zame musu asara. Marubutan ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, ciki har da Najeriya, ana cire musu kashi 30 daga abin da suka samu a cinikin Amurka.

Talla da rarrabawa

Babbar shawarar da marubuci ke yankewa ita ce ya keɓe littafinsa ga shago ɗaya ko ya baza shi ko'ina. Shirin KDP Select, wanda aka fara a Disamba 2011, yana bukatar a keɓe littafin lantarki ga Amazon na kwana 90. A madadin haka marubuci yana samun kwana biyar na rabawa kyauta ko ragi na ɗan lokaci, littafin kuma yana shiga Kindle Unlimited, tsarin biyan kuɗin wata-wata da aka buɗe a 2014. Tun daga Yuli 2015 ana biyan marubutan wannan tsari ne bisa yawan shafukan da aka karanta, kusan rabin senti a kowane shafi, abin da ya fi amfanar masu dogayen labarai. Wanda ya zaɓi bazawa yana rasa wannan kuɗi, amma ba ya dogara da kamfani ɗaya da zai iya sauya doka a kowane lokaci.

Sauran hanyoyin talla sun haɗa da tara adireshin imel na masu karatu, raba kwafi kafin fitowa domin samun sharhi, biyan tallan Amazon ko Facebook, da neman shiga sanarwar ragi ta BookBub. Bango, taƙaitaccen bayani da kalmomin nema su ma talla ne, domin su ne mai saye ke fara gani.

A ƙasar Hausa

Wallafa da kai ba baƙon abu ba ne ga marubutan Hausa. Adabin Kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, ya ginu ne kan marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, waɗanda ke kai rubutunsu maɗaba'a su kuma shigar da shi kasuwa. Da wayoyin hannu suka yaɗu, yawancin sababbin marubuta, musamman mata, sun koma Wattpad, Facebook da zaurukan WhatsApp. Tsarin da aka saba shi ne a saki shafukan farko kyauta, sannan mai son ci gaba ya biya ta banki ko katin waya a sa shi cikin zauren masu biya. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ya ɗauki littattafan Hausa da dama ana saye da naira, kafin a rufe shi a ƙarshen Nuwamba 2023.

Matsaloli

Satar fasaha ita ce kan gaba, domin fayil ɗaya da aka saya ana iya tura wa mutane ɗari, ko a karanta shi a YouTube ba da izinin mai shi ba. Makullin hana kwafa da ake kira DRM yana rage hakan, amma ana iya karya shi, yana kuma ɗaure mai saye ga na'ura ko manhaja ɗaya. Rashin edita kan bar kurakuran ƙa'idojin rubutu, musamman wajen raba kalmomi da haɗe su. Rufewar shago kuma kan raba marubuci da masu karatunsa dare ɗaya, shi ya sa ake shawartar marubuta su ajiye asalin fayil ɗinsu da hanyar tuntuɓar masu karatu a wurin da ke hannunsu.