Chadi: yadda shafukan sada zumunta suka shiga rikicin siyasa

A ranar 28 ga watan Maris na 2018 masu wayar salula a Chadi suka wayi gari WhatsApp da Facebook da Twitter sun daina buɗuwa. Ba a sake su ba sai ranar 13 ga Yulin 2019, lokacin da shugaba Idriss Déby Itno da kansa ya sanar da ɗage takunkumin a wani taro kan fasahar zamani a N'Djamena. Kusan wata 16 ke nan, kuma yana cikin toshewa mafi tsawo da aka taɓa gani a Afirka. A wancan lokacin waɗanda ke shiga intanet a ƙasar ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me gwamnati ke tsoro daga mutane ƙalilan haka?

Amsar ta faro ne daga watan Fabrairun 2016. Wasu samari, cikinsu har da 'ya'yan manyan hafsoshin soja, suka sace wata ɗaliba 'yar sakandare suka yi mata fyaɗe, sannan hotunan abin suka bazu a shafukan sada zumunta. Irin wannan ta'asa an saba binne ta tsakanin iyalai, musamman idan masu laifin 'yan gidan manya ne. Wannan karon babu yadda za a binne ta. Ɗalibai da mata suka fito tituna a N'Djamena da wasu garuruwa, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe wani matashi ɗalibi. Zaɓen shugaban ƙasa saura wata biyu, Déby kuma yana neman wa'adi na biyar, don haka fushin ya haɗu da adawar ƙungiyoyin farar hula irin su Iyina, wato “mun gaji” da Larabcin Chadi. A zaɓen 10 ga Afrilu aka katse intanet, shafukan sada zumunta kuma suka yi watanni a rufe.

Toshewar 2018 ta biyo bayan babban taron ƙasa da ya ba da shawarar sauya tsarin mulki ta yadda Déby, wanda ke kan mulki tun Disambar 1990, zai iya zama har 2033. Kamfanonin waya biyu da ke riƙe da kasuwa, Airtel da Tigo (wanda yanzu ake kira Moov Africa), su ne suka aiwatar da rufewar. Ƙasar da ƙofofinta na intanet ba su da yawa, rufe ta ba ya wuya. Da ya zo buɗewa, Déby ya ce dalilan tsaro ne suka sa.

Ƙidayar masu intanet tana ɓoye ainihin ƙarfin waɗannan shafuka. Waya ɗaya a rumfar mai shayi ko a tashar mota tana ciyar da mutum ashirin da labari. Saƙon murya na WhatsApp ba ya buƙatar a iya karatu, kuma yana zuwa da Larabcin Chadi ko Ngambay ko Hausa ko Kanuri, ba da Faransancin jaridu ba. Bidiyon da mutum ɗaya ya sauke, ana tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da an kashe ko sisi ba. Ga kuma 'yan Chadi mazauna Faransa da Kanada da sauran ƙasashe, waɗanda hannun hukuma ba ya kaiwa gare su: a aika musu hoto daga gida, su wallafa, gidajen rediyon waje su ɗauka, labarin ya dawo ƙauye ta akwatin rediyo. Saboda haka mai Facebook ɗaya a birni bakin rijiya ne, masu ɗiba suna da yawa.

Wa toshewar ta fi cutarwa? Ba 'yan gwagwarmaya ba. Su da 'yan jarida sun koma amfani da VPN, manhajar da ke bi da waya ta wata ƙasa don kauce wa shingen, duk da cewa tana cin data da batir a ƙasar da data ke da tsada. Wanda ya sha wuya shi ne ɗan kasuwar da ke tura hoton kaya ga abokin cinikinsa a Kousseri, can tsallaken kogi a Kamaru, ko yake tambayar farashin shanu a Maiduguri, da mai iyali da ke jiran saƙo daga ɗansa a Libiya ko Sudan. Ƙungiyar Amnesty International ta lissafa a 2021 cewa katsewa da tangarɗar intanet da aka yi wa ƙasar tun 2016 sun kai kusan shekara biyu da rabi idan aka haɗa.

Ba za a ce hujjar hukuma ba ta da tushe ko kaɗan ba. A Yulin 2020, bayan wani rikici tsakanin wani hafsan soja da kanikawa a kasuwar Champ de Fil ta N'Djamena, hotuna da kalaman ƙabilanci suka cika shafuka, gwamnati ta rage ƙarfin intanet tana cewa tana daƙile saƙonnin ƙiyayya. A ƙasar da rikicin manoma da makiyaya ke cin rayuka kowace shekara, tsohon bidiyo da aka liƙa wa sabon suna yana iya tayar da gari. Sai dai in aka duba ranakun da ake katsewa, yawancinsu suna faɗawa ne kan zaɓe, ko zanga-zanga, ko farmaki kan ɗan adawa, kamar na gidan Yaya Dillo a Fabrairun 2021 da kuma kashe shi a Fabrairun 2024.

Bayan mutuwar Déby a Afrilun 2021 da hawan ɗansa Mahamat Idriss Déby, Facebook ya zama dandalin taron 'yan adawa. Succès Masra, shugaban jam'iyyar Les Transformateurs, ya riƙa yi wa magoya bayansa jawabi kai tsaye a can, ita ma ƙungiyar Wakit Tamma ta nan take kiran fita. Kiran da ya fi kowanne nauyi shi ne na 20 ga Oktoban 2022, ranar da wa'adin wata 18 na mulkin riƙon ƙwarya ya cika. Gwamnati ta ce kimanin mutum 50 suka mutu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar daga baya ta ce 128. An kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro da ke cikin hamada. Yawancin abin da duniya ta gani na wannan rana, wayoyin mutanen unguwa ne suka ɗauka.

Salon ya ɗan sauya tun daga nan. Abin da mutum ya faɗa a waya yanzu yana iya zama shaida a kansa a kotu. A Mayun 2025 aka kama Masra, wanda ya riƙe muƙamin firaminista na ɗan lokaci a 2024, bisa zargin cewa wani saƙon murya nasa da ya yaɗu ya taimaka wajen rura kashe-kashen da aka yi a Mandakao da ke kudu maso yammacin ƙasar. Lauyoyinsa sun musanta zargin. A watan Agusta kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 20.